Sikeli ya kafe, biza ta kusa ƙarewa, Inna kuma tana cewa na rame

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Ringim, ina aikin kula da tsofaffi a arewacin Ingila, aikin dare. Da kilo 84 na zo, kafin shekara ta zagayo na kai 104. Likita ya ce jinina ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa. Na dage har na sauke kilo 11, amma yau wata huɗu ke nan sikeli ya kafe a 93. Bizata saura 'yan watanni. 'Ya'yana biyu suna gida wajen Inna, ita kuma duk kiran bidiyo sai ta yi kuka wai na rame, har ta ce za ta aiko mini da maganin ƙiba. Jiya da na tashi aiki, a cikin bas na cinye fakitin biskit ina hawaye. Anti na gaji. Ko in haƙura kawai?

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da aiki, sannu da sanyi.

Ina cikin karanta saƙonki a tsakar gida yaron maƙwabta ya shigo da ruwa, jarkar lita 10 a kansa, wuyansa har rawa yake. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wato abin da kika sauke ya fi jarkar nan da ruwanta. Da ita kike hawa bene a da, da ita kike juya tsohuwa a kan gado, da ita kike ruku'u. Kin ajiye ta, wata huɗu ba ki sake ɗauka ba, amma kika rubuto mini kamar wadda ta faɗi jarrabawa.

Kilo 11 cikin 104 ya haura kashi 10 cikin ɗari. Ga mai hawan jini ko wadda sukari ke yi wa barazana, abin da likitoci ke fara nema shi ne kashi 5 zuwa 10. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya bi mutane masu irin matsalarki, aka sa musu burin rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai haɗarin kamuwa da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kin wuce inda aka ce su je. Ki koma wajen likitanki na unguwa, wanda kuke kira GP, ki roƙi a sake gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya zauna a jini cikin wata biyu zuwa uku. Daga 42 zuwa 47 shi ne bakin ƙofar da aka faɗa miki. Lambar da za ta fito ta fi ta sikeli muhimmanci a gare ki.

Tsayawar sikeli kuwa kusan kowa na gamuwa da ita. Jikin kilo 93 ba ya ƙona abincin da na kilo 104 ke ƙonawa, don haka cin da ya sa ki raguwa bara shi ne yanzu ke riƙe ki a wuri ɗaya. Jiki kuma idan ya ga ana ɗibar masa rumbu, sai ya ƙara yunwa, ya rage kashe kuɗi. Halittarsa ce.

To ga shawarata, kuma na san ba ita kika zata ba. Daga yau har ranar da sabuwar bizarki ta fito, ki daina neman raguwa. Ki riƙe 93. Taura biyu ba ta taunuwa, ke kuwa uku kika cusa a baki: takardu, aikin dare, da gida. Sikelin nan ki fitar da shi daga banɗaki ki tura ƙarƙashin gado, ki riƙa hawa sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, bayan kin tashi barci. Gishiri, al'ada da ruwan jiki kaɗai suna iya ɗaga shi da kilo ɗaya ko biyu tsakanin jiya da yau, kuma ba kitse ba ne. Idan kina tsakanin 92 da 95, kin ci makon. Mafi yawan masu rage ƙiba a wajen riƙewa suke faɗuwa, don haka koyon riƙewar ba ɓata lokaci ba ne.

Mu zo ga takardu, don na fahimci su ne ke cin ki da dare. Sabunta biza irin taki na buƙatar sabuwar takardar ɗaukar nauyi daga kamfaninki. Kada ki jira su tuna da ke. A wannan makon ki tura wa manaja imel, a rubuce, ki tambayi ranar da za su bayar. Ki shigar da buƙatarki kafin tsohuwar ta ƙare. In kin yi haka, zamanki da aikinki suna kan doka har a yanke hukunci, ko da ranar ƙarewar ta wuce. Amma a tsakanin nan kada ki ce za ki leƙo gida ki ga yara, domin fita ƙasar kafin amsa ta zo tamkar janye buƙatar ne. In kuma, Allah ya kiyaye, aka ƙwace lasisin kamfanin, yawanci ana ba da kwana 60 na neman wani, ko abin da ya rage na bizar in bai kai haka ba. Dokokin nan suna yawan sauyawa, saboda haka ki karanta da idonki a shafin gov.uk, ko ki je ofishin ba da shawara na Citizens Advice, kyauta ne. Ki guji ɗan'uwan da ke cikin zauren WhatsApp mai cewa ya san wani a ciki. Abu ɗaya kuma da mata da yawa ke tsoro a ɓoye: a fom ɗin sabuntawa ba a tambayar nauyi, ba a tambayar hawan jini. Zuwa asibiti ba zai taɓa miki biza ba.

Biskit ɗin cikin bas ban ga laifinsa ba, don na san shi. Na yi shekaru ina aikin dare a asibiti a can kafin in dawo ƙauye. Ƙarfe uku na dare, an rage fitilu, wata tsohuwa tana ta kiran sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa, ga gwangwanin biskit da dangin wani majiyyaci suka kawo yana kan tebur. Shayi da sukari cokali uku, sau uku kafin asuba. Ba kwaɗayi ba ne. Rashin barci yana ɗaga sinadarin da ke kiran yunwa, yana sauke wanda ke cewa an ƙoshi, kuma abin da jiki ke nema a lokacin zaƙi ne da maiƙo, ba kwaɗon zogale ba. Mai barcin awa huɗu tana kokawa da jininta ne, ba da halinta ba.

Don haka barci ne aikinki na farko. Labule mai kauri, baƙi. Waya a kashe daga ƙarfe tara na safe zuwa azahar ɗin can, ki sanar da gida cewa wannan lokacin darenki ne. Kada ki sha kofi ko shayi mai ƙarfi a awannin ƙarshe na aiki. Ki ci abincin kirki kafin ki fita, ki tafi da wani abu a roba: dafaffen ƙwai, alale, wake, gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya. Ranar hutu ki dafa tukunyar miya ki raba a firiza. Ba sai kin bar tuwo ba, ki rage malmala ki ƙara miya da ganye. Wurin da za ki sa ido shi ne mai da abin sha. Cokalin mai babba ɗaya ya kai kalori 120, mu kuwa da ludayi muke zubawa. Gwangwanin Coca-Cola na mililita 330 yana da giram 35 na sukari, alhali hukumar lafiya ta can, NHS, ta ce kada babba ya wuce giram 30 a yini. Kuma doka ta ba mai aikin dare damar duba lafiya kyauta daga wajen mai aikinsa, ga hutun kwana 28 a shekara ga mai aikin kwana biyar a mako. Da yawanku ba kwa ɗauka, kuna tara shi kamar za a gada.

Yanzu Inna. Kada ki ji haushinta. Ki tuna idon da take kallonki da shi. A wajenta ƙiba hutu ce, shaida ce cewa ƙasar ta karɓe ki. Ta rayu ta ga shekarun da gero ya ƙare kafin kaka, ta ga matan da suka rame suka tafi. Rama a ƙamus ɗinta wahala ce, ko ciwon da ake ɓoyewa, ko sammu. Kuma matan gari suna tambayarta. A wajen suna za a ce a nuna hoton 'yar Turai, wata ta karɓi wayar ta ƙura ido ta ce, “Ikon Allah, lafiya dai ko?” Da wannan kalmar Inna ke kwana. Ni kaina shekarar da na rage kilo 9 na zo gida, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta ce mini komai ba. Washegari da sassafe sai ga kwanon rubutu a bakin ƙofar ɗakina, an rufe da faifai.

Jikin da Inna ta sani kuma jiki ne na daka da surfe da jan guga da tafiya gona a ƙasa. Wadda ta wuni haka ta ci malmala biyu, ta ci halaliyarta. Ba ta san rayuwar bas da ɗaki ɗaya da duhun ƙarfe huɗu na yamma ba, kuma ba a waya za ki koya mata ba.

Kada ki ce mata kina “rage ƙiba”, wannan a kunnenta iyayi ne na 'yan birni. Ki yi mata magana da abin da ta sani. Babu ƙauyen da ba shi da wanda sukari ya makantar ko aka yanke wa ƙafa, babu wanda ba shi da wadda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Ki ce, “Inna, likita ya auna ni ya ce irin ciwon wane ne ke tafe, amma in na rage jiki zai koma. Umarnin likita nake bi. Ki taya ni da addu'a.” Idan sakamakon gwaji ya yi kyau, ita za ki fara kira. Sannan ki ba ta aiki, domin uwa da ba ta da abin yi wa 'yarta sai kuka. Ki ce ta shanya miki zogale da kuɓewa, ta daka kuka, ta nemo daddawa mai kyau, in an samu mai tahowa a ba shi. Banda kilishi da man shanu, dokar Ingila ta hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya. In za ki kira ta, ki kira bayan kin yi barci kin yi wanka kin ɗaura ɗankwali, kusa da taga. Rabin ramar da take gani gajiya ce da fitilar ɗaki.

Maganin ƙibar da ta ce za ta aiko, ki yi godiya, kada ki sha. Abin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe galibi ƙwayoyin asibiti ne irin deksametason, masu kumbura fuska su ɗaga sukari da jini, daidai abin da kike gudu. Haka ƙanwarsa ta ɗaya ɓangaren, shayin rage tumbi da ake tallatawa a TikTok da Facebook: da yawansu filasko ne a cikin kwali mai kyau, gudawa za ki yi, ruwa ya fita, ya dawo jibi. Allurar rage ƙiba ta Mounjaro da Wegovy magunguna ne na gaske, amma ta hannun likita, akwai na jabu a kasuwa, kuma nauyi kan dawo in an daina.

Ba ki ambaci kuɗi ba, amma na san suna ciki. Taki da damina, ragon layya, kuɗin makaranta, bikin ƙanwa, kowanne ƙarin dare ɗaya ne a wajen aiki. Ki yanka adadi ɗaya, rana ɗaya a wata, ta hannun mutum ɗaya. In kina ƙarin aiki a wani wuri daban, ki tuna awa 20 a mako ne iyaka, wuce shi na iya taɓa bizar da kike wa wannan wahalar. Ki sauke dare ɗaya a mako ko da na wata uku ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanul Farisi da ya ce wa Abud Darda'i kanka ma yana da haƙƙi a kanka.

Hawayen ne ban so in wuce ba. Kuka ɗaya a bas bayan awa 12 a tsaye, ga kewar yara, ba ciwo ba ne. Amma in ya zama kullum har mako biyu, abin da kike so a da ya fita ranki, ko zuciya ta fara raya miki gara ba ki raye, ranar nan ki kira likita ko layin wayar NHS na 111. A Ingila kina iya rubuta sunanki da kanki a NHS Talking Therapies, inda ake maganin damuwa ta hanyar tattaunawa, ba sai an tura ki ba. In kin je, ki ce a duba miki ƙarancin jini da tayirod da bitamin D. Mai baƙar fata a ƙasar da rana ke rowa ana ba ta shawarar maikirogiram 10 na bitamin D kullum, duk shekara, kuma ƙarancinsa kaɗai na sa kasala da ciwon gaɓoɓi.

Ranar da biza ta fito, ki samo igiya ki yanka daidai tsawonki, ki ninka biyu, ki zagaya cikinki a ɗan saman cibiya. In bakin ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, ki ƙirga yatsu nawa suka rage ki rubuto mini, daga nan za mu ɗora, rabin kilo a mako. Ki haɗo da awa nawa kike barci da abin da Inna ta ce. Ki gaishe ta, ki ce wata 'yar'uwarta ta nan kusa ta ce kukar ta zama ta bana.