Rigar Hajiya da almakashinki

'Yata, saƙonki ya iso. Ina gaida babanki da duk mutanen unguwar Nima a Accra. Kin ce ƙawayenki sun shirya liyafa wadda kowa zai yi shigar mutanen da, kina so ki rage tsawon rigar atamfar marigayiya Hajiya, ki cire hannuwan, kina tambaya ko al'ada ta hana. Na yi dariya, don ban taɓa zaton kayan da muke sawa zuwa kasuwar Kejetiya za su zama abin shigar wasa ba. Amma da na zo kan maganar almakashi sai gabana ya faɗi.

Rigar dai taki ce tun ranar da aka yi rabo, babu mai ƙwace miki. Sai dai ba ki san kakarki da tufa ba.

A 1983 ina budurwa a zangon Kumasi, nan Ghana. Shekarar yunwa ce: ruwa ya ƙi sauka, gobarar daji ta cinye gonakin koko, ga mutanenmu da aka koro daga Nijeriya suna ta dawowa da ƙunshin kaya a ka. Sabuwar atamfa kuwa sai gani daga nesa. A cikin wannan hali aka sa ranar auren 'yar maƙwabtanmu, mu ƙawaye muka ce daren lalle za mu yi wasan fataken goro, irin kakanninmu da suka bi hanyar Salaga. Ni aka ba madugu. Madugu kuma sai da babbar riga, gidanmu babu wadda za a ba yarinya ta ja a ƙasa. Na ɗauko wata rigar Hajiya da zanenta, 'yar Holan mai ruwan shuni, na shimfiɗa a tabarma, na aro almakashi. Shigowarta ke nan. Ba ta yi faɗa ba, hannu kawai ta miƙo na ba ta almakashin.

Ruwan madatsar Akosombo mai ba mu wutar lantarki ya ja baya a lokacin, wuta sai an ga dama. Ta kunna fitilar ƙwai, ta karya reza biyu, ta zauna tana warware ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Zaren da ta zare ma ba ta yar ba, tana naɗe shi a jikin tsinken ashana. Ta haɗa zanen da ƙyallen rigar da manyan ɗinki irin wanda ja ɗaya zai ɓalle, ta bar wuya a tsakiya, ta yi mini rawani da mayafinta. Gemun auduga ni na liƙa da koko. Da na shiga tsakar gida ina dogara sanda ina tsawata wa 'yan ayari, tsofaffi har da riƙe ciki, uwar amarya da ta yini tana kukan rabuwa ita ma ta dara. Kafin a ɗaura aure Hajiya ta mayar da rigarta yadda take, da ita ta je yinin biki, babu wanda ya gane.

A daren nan ta ce mini abin da uwarta ta gaya mata: abin da allura ta haɗa ana rabawa a sake haɗawa, wanda almakashi ya raba sai haƙuri. Su a wurinsu yadi 6 lissafi ne, biyu riga, biyu zane, biyu na goyo ko yafawa. In zane ya tsufa a goya jika da shi, in ya ƙara tsufa ya koma shimfiɗar jariri, sai can ƙarshe ya zama tsumma. Babanki ma a irin wannan zanen aka goya shi. Takan ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ku yanzu kasuwar gwanjo ta Kantamanto ta sangarta ku. Ana kwance dilar gwanjo, ku saya da araha, ku sa sau ɗaya a ɗauki hoto a waya, gobe yana cikin kwata yana toshe ruwa. Abin yana damuna ƙwarai, don yarinyar da ba ta taɓa zama ta kama bakin zane da allura ba ba za ta san wahalar da ke cikinsa ba. Kuma ba ki faɗa mini ko su wa za su halarci wannan liyafa ba, da maza ko ku kaɗai, balle a zo batun cire hannun riga. Wani abu kuma, in shigar tsofaffi za ki yi, ki yi ta yadda in Hajiya na raye za ta yi dariya tare da ku, kada a mayar da ita abin dariya.

Ki juya rigar ki ɗauko mini hoton cikinta, wajen hammata da gefe. In ɗinkin hannu ne, nata ne, zan gane shi, kuma wannan ba za ki taɓa ba sai kin zo Kumasi mun zauna tare. In na keke ne, to, sai mu yi magana. Ki sayo reza da farin zare kafin nan.

Gwaggonki.