Amsoshin tambayoyinku: Wane faifan celo na kiɗan finafinai zan fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Agege. Kwanaki wani kwastoma ya kunna kiɗan wani fim a shagona, da wani babban goge mai murya kamar ta dattijo. Tun ranar abin ya shiga raina. Na duba a waya na tarar da faya-fayai barkatai. Da wanne zan fara, kuma CD zan saya ko sauraro a waya ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam, maigida. Gogen nan sunansa celo. Namu tsirkiya ɗaya gare shi, shi kuwa huɗu, kuma a zaune ake goga shi, an tokare shi a ƙasa tsakanin gwiwoyi.

In shawarata za ka bi, fara da faifan da shahararren makaɗin celo Yo-Yo Ma ya fitar a 2004 na kiɗe-kiɗen Ennio Morricone, mai tsara kiɗan finafinai ɗan Italiya da ya rasu a 2020. Dalilina shi ne Morricone da kansa ya sake tsara kiɗan don celo, shi kuma ya jagoranci makaɗan, ba wani ne ya ɗauki kayan mutum ya yi masa kwaskwarima ba. Kai tela ne, ka san bambancin rigar da aka yanka da awon mai ita da wadda aka rage wa hannu. Akwai kiɗan fim ɗin The Mission na 1986 a ciki, wanda asali da wani abin busa aka yi shi, amma da celo ya ɗauka sai ka rantse don shi aka rubuta.

Akwai kuma faifan Score na 2Cellos, wasu makaɗan celo su biyu, na 2017, tare da makaɗan London Symphony Orchestra. Yana da armashi, samari na son sa, sai dai ni ina jin an cika masa gishiri. Ka bar shi zuwa gaba.

Batun CD kuwa, kada ka wahalar da kanka, musamman irin waɗanda ake talla a cunkoson motoci, yawancinsu kwafi ne. Duka faya-fayan biyu da na ambata suna manhajojin Spotify da Apple Music. Inda kuɗinka zai yi amfani shi ne abin sauraro. Ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da muryar ƙasa ta celo, ita ce kuwa ta ja hankalinka. Ka leƙa Computer Village a Ikeja da kiɗan a wayarka, ka gwada abin sauraro mai rufe kunne gaba ɗaya kafin ka biya. Kuma ka bari sai dare, bayan keken ɗinki da janareta sun yi shiru.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 11 ya dage sai ya koyi celo. In saya masa? Daga wata uwa a Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, a dakata tukuna. Celo girma-girma ne, akwai rabi, akwai kashi uku cikin huɗu, akwai cikakke, kuma yaro kan wuce nasa kamar yadda yake wuce takalmi. Ga laimar Legas da ba ta raga wa katako da gam. Ki fara kai shi cibiyar MUSON da ke Onikan, suna koyar da kiɗa, malami ya auna shi ya faɗa miki girman da ya dace. In ya yi wata shida bai gaji ba, sai a yi maganar saye.