Kundi, kemis da ƙwaya: amsa ga ɗalibar famasi

Wata ɗaliba mai karatun famasi a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) ta turo min tambaya, ta ce malam wannan ƙaton littafin namu da ya tattara komai, tun daga yadda ake haɗa magani da auna shi har yadda ake ajiye shi da yadda ake miƙa wa mara lafiya, me za mu kira shi da Hausa? Kuma wai in ta gama karatu ita ma 'yar kemis ce?

'Yata, kundi sunansa, kundin ilimin harhaɗa magunguna. Ai tun da can kundin malam shi ne tarin warƙoƙin da yake adana laƙani da magunguna a ciki, kin ga kalmar ta zauna daram ba aro. Harhaɗa kuwa ninkin haɗa ce, kamar yanka da yayyanka, wato ba abu ɗaya ake haɗawa ba kuma ba sau ɗaya ba.

Kemis daga Turanci ta zo, amma a bakin Bakano shago take nufi, "je ka kemis ka siyo min farasitamol". Ɗan kemis mai sayarwa ne, irin 'yan magani na Sabon Gari da aka mayar Dangwauro a 2024, ke kuwa masaniyar harhaɗa magunguna za ki zama, kar ki bari a cakuɗa miki su.

Wadda ta fi damuna ita ce ƙwaya. Kalma ce mai tsafta wallahi, ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, da maganin Bature ya zo a dunƙule sai aka ce masa ƙwaya saboda siffarsa, amma yau ka ce wa mutum ɗan ƙwaya ai ka zage shi, shaye-shaye ya ɓata ta, har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Don haka in dattijo ya zo gabanki ki ce "Baba ga ƙwayar magani, ɗaya safe ɗaya dare", kar ki tsaya a ƙwaya kawai.

Wani kuma ya tambayi "maganin biri karen Maguzawa". Nan ba abin sha ake nufi ba, magani a nan shi ne wanda ya fi ƙarfin mai ɓarna, birin da ya addabi gona yana jin karen na haushi sai ya haye bishiya.