Amsa: Tayar baya inci 20 ko inci 26?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko girman tayar baya yana canza tafiyar keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa a kishingiɗe, mai taya biyu a gaba ɗaya a baya. Yana canzawa ƙwarai.

Tayar inci 20 tana cin kusan mita ɗaya da rabi a kowane juyi, ta inci 26 kuwa kimanin mita biyu. Don haka idan giyarsu ɗaya ce, babbar ta fi gudu a shimfiɗaɗɗen titi, ta kuma fi haɗiye gargada da ƙananan ramuka. Shi ya sa kamfanin kekuna na Catrike da ke Amurka ya sa wa kekensa na gudu tayar 700c, irin ta keken tsere, wadda ta ɗan fi ta inci 26 girma.

Amma ka lura, wannan keken ba ya karkata a kwana kamar mai ƙafa biyu, duk nauyin yana danna tayar ne ta gefe. Ƙaramar taya ta fi jure wannan, babbar takan ɗan lanƙwashe. Da ƙaramar kuma, ga sauƙin hawa tudu, keken bai da tsawo, yana shiga bayan mota, kuma tub ɗin ajiya guda ɗaya zai yi wa kowace daga cikin tayoyin uku idan na gaban ma inci 20 ne. Illarta, abin canza giya yana sauka dab da ƙasa, yana kwasar yashi, dutse ma kan doke shi.

Tunda ka ce unguwarku tudu ce kuma gwiwarka na damunka, ni dai inci 20 zan ce ka ɗauka.