Yarana gwanaye ne a atisaye, ranar wasa kuma sai su rikice

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a unguwar Yelwa, nan Garwa. Shekara uku ke nan ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 a wani fili bayan makaranta. A atisaye ƙwallo ƙafa zuwa ƙafa take tafiya, gwanin sha'awa. Amma ranar wasa, da an matsa musu sai su dinga narka ta sama. Wasa huɗu a jere ana cin mu. Laifina ne ko na yaran? Kuma in na nemi takardar koci, za ta yi maganin wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ban taɓa zuwa filinka ba, amma bari in faɗa maka yadda atisayenka yake. Zagaye fili sau biyar, sai a jera yara layi biyu suna miƙa wa juna ƙwallo ba mai tare su, sai a raba su gida biyu su buga har kiran magariba. Na sani ne don ni ma haka na yi shekara da shekaru.

Abin da babu a cikin layin nan shi ne abokin hamayya. Yaro ya san wanda zai bai wa tun ƙwallo ba ta iso ba. Ranar wasa kuwa ga mutum a kansa, dole ya ɗaga ido, ya zaɓa, ya bayar kafin ƙiftawa. Abin da bai taɓa yi ranar Talata ba, ta yaya zai yi shi ranar Lahadi?

Zana murabba'i a ƙasa, taku goma kowane gefe. Yara huɗu a bakin layi, biyu a tsakiya suna farautar ƙwallo, taɓawa biyu kawai, wanda ya zubar ya shiga tsakiya. Mutanen Sifen suna kiransa rondo, kuma da shi aka san Barcelona. In ka ga ya yi musu sauƙi, rage taku biyu. In sun kasa haɗa bayarwa uku, faɗaɗa. Daga nan huɗu da huɗu, da ƙananan raga na duwatsu ko silifas, da sharaɗi guda: ba a lissafa ci sai ƙwallo ta bi ta ƙafar mutum uku a ƙasa. Zagayen fili kuwa ka yafe shi. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, ƙarfin da yaro ya zo da shi gara ya ƙare a kan ƙwallo. Ruwa kowane minti 15.

Sai maganar bakinka, wadda ta fi wuya. Wata shekara na kai yarana wasa Pitowa, mura ta shaƙe mini murya, ko "cire ta!" ban iya faɗa ba. Dole na zauna a kan benci na yi shiru. A ranar na ga abin da ihuna ya ɓoye mini kaka biyu. Ɗan bayan da nake ta zagi ba tsoro yake ji ba, wanda zai bai wa ne babu. 'Yan tsakiyata biyu sun laɓe a bayan abokan hamayya kamar masu gudun bashi. Da na dawo, sati uku ban ce wa ɗan bayan komai ba, su biyun na koya wa fitowa fili su karkata jiki su nemi ƙwallo. Kai ma sayi ƙaramin littafi, a wasa na gaba ka ja layi duk sanda aka narka ƙwallo sama, ka rubuta inda 'yan tsakiya suke a lokacin. A hutun rabin lokaci magana ɗaya tak, kuma ta zama tambaya: "Da ƙwallo ta zo maka, wa ka gani?"

Ka shirya wa surutun 'yan kallo, don da farko za a ci ku ƙwallayen ban haushi a bakin ragarku.

Takarda kuwa, neme ta. Matakan takardar koci na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, daga D suke farawa, sai C, B, A, har Pro, kuma hukumar ƙwallo ta ƙasar Kamaru, FECAFOOT, ita ke shirya kwas ɗin. Je ofishinta na yankin Arewa ka tambayi lokacin rajista, ka kuma goge Faransancinka. Za ta koya maka tsara mako da kula da raunin yara, ta kuma buɗe maka ƙofar aiki. Kafin nan, ga makaranta a garinku. Ƙungiyar Coton Sport ta Garwa ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, inda Al Ahly ta Masar ta doke ta, kuma daga ƙungiyar ne ɗan wasan gaba Vincent Aboubakar ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010. Nemi izini ka kalli atisayen matasansu. Ka bar kallon ƙwallo, ka kalli kocin: ina yake tsayawa, sau nawa yake busa usur, minti nawa yake magana.

Bayan sati shida ka sake rubuto mini, da adadin layukan da ke cikin littafin.