Amsar Gwaggo ga Ummi a kan Faten Inna da Waƙoƙinta

Ummi uwata, saƙonki ya iso, na kuma ji abin da ke damunki. Kin ce shekarar rasuwar kakarki Inna ta kusa zagayowa, Allah ya jiƙanta, kina so ki tara 'yan uwa ki dafa irin faten da take yi, ki kunna waƙoƙin da take so, sai wata ƙawarki ta ce miki bidi'a ce, wani kuma ya ce kwaikwayon Turawa ne. Kina tambaya ko mu da muka riga ku muna da al'adar tuna mamaci da abinci da waƙa. To gyara zama, don maganar tana da ɗan tsawo.

Abin da na buɗe ido na tarar shi ne sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, wasu gidajen har da ta shekara. Mata su jiƙa gero su daka gumba, a ɗora tanda a toya waina ko a soya ƙosai, malamai su zo da safe su yi addu'a, a raba wa almajirai da maƙwabta. Ba wanda yake tambayar dalili. Daga baya tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ya riƙa shigowa gidaje ta Rediyon Kaduna, aka kafa Izala a Jos a 1978, maganar ta zama abin gardama har a tsakar gidanmu. Baffanki babba ya ce ware ranaku don sadaka ba shi da asali a sunna, ya daina zama. Inna ba ta yi musu da shi ba, ita da ba ta iya jayayya da ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa. Sai dai duk Juma'a za ki ga ta daka 'yar gumbarta ta ba yara, ta ce ladan ya kai wa iyayenta. Har yau malaman ɗariƙa da na Izala ba su haɗu a kan ware rana ba, kuma ba a saƙon waya za mu raba musu ba.

Amma akwai inda duk suka haɗu, nan nake so ki tsaya. Zaman makoki kwana uku ne, sai matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma. Abin da ke bin mutum bayan ya tafi, kamar yadda ya zo a hadisin Muslim, sadaka ce mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Saboda haka ki raba abin gida biyu a zuciyarki. Addu'a da sadaka da biyan bashi da sada zumuncinta, waɗannan na Inna ne, su ke isa gare ta in Allah ya karɓa. Fate da waƙa da hirar ƙuruciya kuwa naku ne, ku da kuka rage, don kada yaranku su tashi ba su san wace ce ta haifi kakanninsu ba. Rikici yana tasowa ne in an cakuɗa su, a ɗauki girki a mai da shi ibada mai rana da lokaci, ko a ɗauka tunda ba ibada ba ne to haramun ne a yi.

Wanda ya ce miki kwaikwayon Turawa ne, ki tuna masa da Nana Khadija. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Khadija da naman, bayan ta daɗe da rasuwa. Wata rana kuma 'yar uwarta Hala ta zo ta nemi izinin shiga, da ya ji muryar sai ya tuna irin sallamar Khadija, abin ya taɓa shi. Kin ga abinci, kin ga murya. Ki lura kuma da inda naman ya nufa: gidajen waɗanda take ƙauna aka kai shi. Haka nan da labarin shahadar Ja'afar ya zo daga Mu'uta, cewa ya yi a dafa wa iyalansa abinci, don abin da ya shagaltar da su ya same su. Mu yanzu mun juya abin, masu rashi ne ke cin bashi su ciyar da masu gaisuwa, har da su lemon kwalba da robar rabo mai hoton mamaci. Wannan kam ni ma ba na so, kada ki kai mu can.

Yanzu faten. Kin san Inna Bazazzagiya ce, aure ya kawo ta Kano, kuma tsakanin Kanawa da Zage-zagi akwai wasa. Dangin mijinta Malam ba su taɓa barin ta ta huta ba, da sun shigo sai su ce ina mai fate, yau ma ruwa-ruwan za mu sha? Ita kuma ta ce ai ku ne ke zuwa da kwano biyu. Gaskiyarta, don ranar da ta yi fate ba a kwana da saura.

Ba kamar na yanzu take yi ba, da ake zuwa kasuwa a auno tsaki a leda. Da farko ma na dawa take yi, don masara ba ta cika gonakin Arewa haka ba sai daga ƙarshen shekarun 1970, da takin zamani ya wadata. Za ta surfa hatsin ta bakace, ta wanke ta shanya, sannan a ɓarza. Ta tankaɗe garin ta ajiye don kunu, tsakin kuma ta rege shi a ƙwarya sau da yawa, don ta tsani a tauna tsakuwa a girkinta. Ruwan miyar ba ya wuce tattasai da attaruhu da albasa da daddawar kalwa, in akwai ƙashi a jefa, in babu ba ta fasa ba. Gauta take fara sakawa ya dahu ya saki ɗacinsa, sai dakakkiyar gyaɗa, sai tsakin, tana zubawa da hannun hagu tana juyawa da muciya a dama don kada ya yi gudaji. Rama takan tafasa ta daban ta zubar da ruwan farko. Yakuwa ce ƙarshe, da lawashi, kuma daga nan ba ta ƙara rufe tukunya, wai ganye ya huce da kalarsa. In tsami ya yi yawa, ɗan ruwan kanwa kaɗan, ba ta wuce bakin ludayi ba. Man shanu kuwa sai an zuba a akushi, ta soya shi da albasa ta yaryaɗa a sama. Magi bai taɓa shiga wannan tukunyar ba, ko da ya zo gari.

Akwai abin da ba ku sani ba game da shi. A farin 1973, da hatsi ya yi wuya, faten nan ne ya riƙe gidanmu. Tsakin da ba zai isa tuwon mutum biyar ba, in aka cika shi da ganye sai ya ciyar da gida har da almajirin da ke mana aike. Mu yara murna muke yi, ba mu san lissafi take yi ba. Takan zuba wa kowa, ta ce ita ta ci a wurin girki. Sai da na yi aure na riƙe gida na gane abin da wannan maganar take nufi. In za ki ba yaranki faten, ki ba su da wannan labarin.

Ki sani kuma, naki ba zai fito kamar nata ba a karon farko, kada ki ji haushi. Itace da tukunyar ƙasa daban, gas daban. Kuma ita ba ta awo, hannunta ne mudunta. Iya ta Tudun Wada, ƙanwarta, ita kaɗai ta rage da ta koya a murhu ɗaya da ita. Ki shirya ki je Zariya ki durƙusa kusa da ita ki gani da idonki, kada ki ce ta turo miki ta waya. Zumunta a ƙafa take, kuma ziyarar ma kanta tana cikin abin da ke kai wa Inna lada.

Sai waƙa. Ku kun san Inna da kaset, mu mun san ta da bakinta. Kafin injin niƙa ya zo unguwarmu, da asuba take durƙusawa a kan dutse, tana niƙa tana waƙa ƙasa-ƙasa. A nan take ambaton iyayenta da garinsu, a nan take yi wa abokiyar zamanta habaici ba tare da ta kama suna ba, mu kuma muna kwance muna gane yadda ta tashi daga irin waƙar da ta ɗauko. In ana biki sai lugude, mata uku a turmi ɗaya, taɓare na sauka bi da bi, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe ba tare da kiɗan ya karye ba. Inna gwana ce a nan. Da inji ya zo, wahala ta ragu, ba na kuka da shi, amma waƙoƙin sun bi dutsen sun tafi, don ba wanda ke yi wa inji waƙa.

Rediyonta mai rigar fata ce, in batir ya yi sanyi ta jera shi a rana kan katanga. Lokacin Zaɓi Sonka ba a aikenta ba a yi mata surutu. Shata na Malam ne, shi ke ƙara murya in an sako kalangu, kuma da aka yi sanarwar rasuwarsa a 1999 ranar gidan shiru ya yi. Ita tata Barmani Choge ce ta Funtuwa, mai kiɗan ƙwarya, irin wanda ake kifa ƙore a buga, wata a kan ruwa don ta ba da amo mai zurfi. Waƙar mata ce, ta sana'a da kishi da haihuwa, shi ya sa take jin kamar da ita ake. Bayan ta sauke farali ta fi karkata ga bege da Ishiriniya, ta ce ta girma, amma in aka sako amada a gidan biki ki duba ƙafarta a ƙarƙashin zane. Da Barmani ta rasu a 2013 har addu'a ta sa muka yi mata.

To a kunna ko kada a kunna? A al'adarmu ba a kiɗa a gidan rasuwa, ba a kuma haɗa shi da zaman addu'a ko saukar Alƙur'ani. Wannan ki riƙe shi. Kada kuma ki ce kin sadaukar da waƙa ga ranta, ba ta da amfani da ita yanzu. Amma ke da 'yan uwanki mata ku zauna a ɗaki bayan an ci abinci, ku ji abin da take ji, ku yi dariya ku yi hawaye, ban ga wanda zai ce kun yi sabon abu ba. Malamai sun saɓa a kan kiɗa, in maigidanki yana cikin masu ƙyamarsa, kada ki tayar da fitina a gidanki saboda kaset. Abin da ya fi kaset ma, in kin je wurin Iya ki lallaɓa ta ta rera miki waƙoƙin niƙan nan, ki ɗauka a wayarki. Za ta fara da cewa ta manta, ki ƙyale ta, ki ja ta da hira, za su zo.

Dariya a wurin tuna tsoho ma ba baƙuwa ba ce. Da kakarmu ta rasu a Zariya, ranar bakwai jikoki muka ɗauki zanenta da sandarta da carbinta, wata yayarmu ta duƙa tana tafiyarta tana faɗa irin nata, muka tsare iyayenmu sai da suka ba mu kuɗin jika. Inna tana hawaye tana dariya. Ana yin wannan ne ga wanda ya tsufa ya ga jikoki, ba a yi wa mai ƙuruciya. Yanzu an bari, ban kuma ce ki tayar da shi ba, na faɗa miki ne don ki san jika yana da 'yancin da ɗa ba shi da shi. Ke da kike kishiyarta ta wasa, kina kuma ɗauke da sunanta, kin fi mu damar ba da labarinta da ban dariya. Ni ko sunanki na yanka ba na iya kira.

Ga yadda zan so ki yi. Kada ki ɗaure kanki da ranar da ta cika, ki zaɓi duk ranar da 'yan uwa ke da sarari, hakan zai sa Baffanki ma ya zo ya ci ba tare da ya ji an saɓa masa ba. Ba kati, ba rumfa, ba anko. Ki dafa da yawa, kwanon farko ya tafi gidan aminiyarta ta bayan masallaci da suka yi adashe tare, ki kuma tambaye ta a asirce ko akwai wani bashi ko alkawari da Inna ta bari, don tsofaffi sukan ji nauyin faɗa. Sauran a ba maƙwabta da almajirai. Kuɗin da za ki kashe a kayan rabo, ku haɗa da na 'yan uwanki ku sa a ruwa. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi sadakar da ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya. Ko ba ku kai rijiya ba, famfon makarantar allon unguwar ya lalace tun bara, gyaransa ba zai gagare ku ba.

Daddawa kada ki saya a nan, zan aiko miki da ta kalwa mai kyau da man shanu ta hannun ƙaninki in zai dawo. Yakuwa da gauta ki nema da safe tun ba su yi yaushi ba. In kin sa ranar ki sanar da ni da wuri saboda ƙafar nan tawa, sai an nemo min mota. Ki gaishe da maigidan da yaran. Allah ya jiƙan Inna da Malam, ya kai haske kabarinsu, ya yi miki albarka.

Gwaggonki.