Inda kuɗin haɗa sola yake shiga

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce gidanka mai ɗaki uku ne, kana da firji, fankoki, talabijin da fitilu, kuma masu haɗa sola biyu sun ba ka farashi, na ɗaya ya kusa ninka na ɗayan, shi ne kake tambaya wanne ne na gaskiya. Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne, kayan da kowa ya lissafa maka ne ba ɗaya ba. Farashin kayan nan yana bin canjin dala, adadin da wani zai rubuta maka yau ba lallai ya kai wata mai zuwa ba. Abin da zai fi amfanarka shi ne ka san inda kuɗin yake shiga. Ni dai na daɗe da sola a gidana, ga abin da na gani.

Kowa idonsa a kan faranti yake, tunda shi ake hangowa a kan rufi. Amma yanzu ba shi ne mai cin kuɗi ba. Daga 2010 zuwa 2020 farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, kuma fiye da kashi 80 na farantan duniya a China ake ƙera su. Ga shi da tsawon rai: kamfanonin kirki garantin shekara 25 suke bayarwa.

Batir ne yake cinye kuɗin, shi ne kuma yake fara mutuwa. Girman batirin da kake bukata kuwa, abin da kake kunnawa bayan faɗuwar rana ne yake yanke shi. Ɗauki biro mu gwada. Fanka 3, kowace wat 60, na awa 8, sun ci wat-awa 1,440 (wato wat sau awa, ma'aunin da za mu bi a duk lissafin nan). Ƙwan fitila 6 masu wat 10 na awa 5, 300 ke nan. Talabijin mai wat 80 na awa 4, 320. Ƙara wa firji kamar 600 na dare. Ka kusa 2,700 kafin gari ya waye.

Yanzu duba batirin tubula, mai ruwan nan, wanda aka rubuta masa 12V 200Ah. A lissafi, 12 sau 200, yana ɗaukar wat-awa 2,400, amma rabi kawai ya kamata ka sha, in kana zuƙe shi ƙarƙaf kullum ba zai daɗe ba. Wato 1,200 ne naka. In mutum ya sa maka guda biyu ya ce za su kai ka asuba da wannan lodin, za ka ji inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, tana ƙara wajen ƙarfe uku na dare, fanka ta tsaya, yara su tashi da gumi. Batirin litiyam mai 48V 100Ah yana ɗaukar kusan 5,000, kana iya shan kashi 80 zuwa 90 ba tare da ka cutar da shi ba, kuma irin wanda ake kira LiFePO4 yana jure caji da saukewa sau dubbai. Tubula shekara 3 zuwa 5 yake yi in an kula da shi, sai kana duba ruwansa kana ƙara masa tataccen ruwan batir. Ina kyautata zaton a nan farashin mutanenka biyu ya rabu. A ganina, in aljihu zai iya, litiyam ya fi sauƙi a ƙarshe, domin kafin ya gaji mai tubula ya sake saye sau biyu ko fiye. Araha ba ta ado.

Akwai hanyar rage kuɗin batir da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: rage lodin dare. Fanka mai amfani da wutar batir kai tsaye ba ta wuce wat 30, rabin ta gargajiya ke nan. Guga da jan ruwa a mayar da su tsakar rana, lokacin da faranti yake ba da wuta a banza. Dutsen guga kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye, in aka saba kunna shi da daddare sai an ƙara batir. Wannan magana ce da sai ka zauna da iyali, don ba injiniya ne zai gyara ta ba.

Yawan faranti lissafinsa ba wuya. In gida yana cin 5,000 dare da rana, kuma wurinku yana samun kamar awa 5 na rana mai ƙarfi, da an cire asarar zafi da ƙura da waya, guda 3 masu wat 500 za su riƙe ka, na huɗu ya zama na ranar hadari. Wat ɗin da aka rubuta a bayan faranti a ma'aunin zafi 25 aka gwada shi, da ya ɗau zafi sai ƙarfinsa ya ragu, shi ya sa ake barin tazara tsakaninsa da kwano iska ta ratsa. Ƙura ma haka. Wanke shi da sassafe, da rana ta ɗaga ka duba lambar da ke kan kwantirola, na'urar da ke daidaita cajin batir daga faranti, za ka ga ta haura.

Inbata kuma a ɗauke ta da ɗan rara, domin firji da injin jan ruwa suna fizgar ninki uku ko fiye na wutarsu lokacin tashi. Kwantirola ta zama irin wadda ake kira MPPT, ta fi irin da ake kira PWM tatsar wuta daga faranti.

Sai ƙananan kaya, inda ake yi wa mutane ƙwange: waya, bireka, ƙarfen ɗaure faranti, kariyar tsawa. A gidan wani ɗan'uwana na taɓa wayar da ta fito daga batir zuwa inbata da azahar, sai da na janye hannu don zafi, robarta har ta fara laushi. Siririyar waya aka sa masa, kuma ba zallar tagulla ba ce. Wutar da ya biya kuɗi tana ƙonewa a hanya, ga haɗarin gobara.

Ka koma wurin mutanen nan biyu, kowa ya rubuta maka kayansa ɗaya bayan ɗaya: sunan kamfani, ƙarfin kowane abu, kaurin waya, tsawon garanti, da kuɗin aiki daban. In kuɗi bai isa ba, sayi inbata mai 48V tun yanzu, ka fara da faranti kaɗan ka riƙa ƙarawa. Tubula ne dai ba a haɗa tsoho da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa. In ka samu takardun biyu, turo su nan tare da jerin abin da kuke kunnawa da daddare, mu duba tare.